LAFIYA UWAR JIKI: Yarinya Ta Rame, Al'ada Ta Ɗauke

Daga Mama Mai Jinya

 Cikin wasiƙun da suka iso mini akwai ɗaya da na karanta har sau uku kafin in ajiye ta. Wata uwa ce ta rubuto, ta kuma roƙa kada a buga sunanta ko na garinsu. Ga abin da ta ce:

"Mama, bayan gaisuwa mai yawa, ina da 'ya mai shekara 19, tana kwalejin horon malamai. Da aka auna ta a asibiti domin takardar shiga makaranta, nauyinta kilo 55 ne. Da ta dawo hutun Kirsimati sai da na shiga ɗaki na yi kuka, gama ƙasusuwan wuyanta duk sun fito, yanzu kilo 45 take. Ta shiga cikin masu gudu na makaranta, kowace asuba sai ta fita. Ba ta karya kumallo, tuwo kuwa ta ce yana sa teɓa. Akwai kuma wani shayi da take sha, wai na rage ƙiba. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ce wata biyar ke nan ba ta ga al'adarta ba. Ta rantse mini ba ta san namiji ba. Babanta ya ce ciki ne, ya daina yi mata magana. Kakarta ta ce sammu aka yi mata. Ita kuwa ta ce hutu ta samu, wai abokan gudunta ma haka suke. Mama, wa zan gaskata? Ina tsoro kada 'yata ta rasa haihuwa."

'Yar'uwata, na gode da kika rubuto, kin kuwa yi daidai da ba ki yi shiru ba. Zan amsa miki a fili, domin na san akwai gidaje da yawa da wannan magana ta shafa, amma kunya ta hana su tambaya.

DA FARKO A KWANTAR DA HANKALI

Gaskiya ne, idan al'ada ta ɗauke wa macen da ta isa haihuwa, abu na fari da kowane likita zai duba shi ne ciki. Ka'idar aiki ce, ba zargi ba ne. Gwajin fitsari ne na 'yan mintoci kaɗan. Ki zauna da 'yarki, ki bayyana mata haka, ku tafi asibiti tare, ke da ita kaɗai, ba tare da an tara mata dangi ba.

Amma ki gaya wa maigidanki wannan: ciki ba shi kaɗai ke tsayar da al'ada ba. Shayar da jariri yana tsayar da ita. Allurar tazarar haihuwa takan tsayar da ita. Haka kuma ciwon maƙoƙo, da tsananin damuwa, da doguwar jinya irin ta tarin fuka. Mace kuma idan ta kai tsakanin shekara 45 zuwa 55, jinin yakan ɗauke gaba ɗaya, wannan kuwa shirin Allah ne. Sa'an nan akwai dalilin da labarin 'yarki ya fi kama da shi, watau ƙarancin abinci tare da yawan aiki. Yarinyar da ta zubar da kilo 10 cikin 'yan watanni, tana gudu ba ta ci, ba abin mamaki ba ne jininta ya ɗauke. Hausawa sun ce zato zunubi ne. Kada a yanke wa yarinya hukunci kafin a auna ta.

MAIGIDA DA RUMBU

Bari in kawo misali. Maigida mai hankali yakan leƙa rumbunsa kafin ya sa ranar biki. In ya ga hatsi ya yi ƙasa, sai ya ce a dakata da biki da gayyatar baƙi, a ci gaba da ciyar da waɗanda ke gida har kaka ta yi. Ba mugunta ya yi ba, ceton gidansa ya yi.

Haka Allah ya shirya jikin mace. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri wanda shi ne maigidan. Dare da rana yana aika saƙo cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai da ke gefen mahaifa, domin ƙwai ya nuna, mahaifa kuma ta yi shimfiɗa. In ba a sami ciki ba, shimfiɗar nan ce ke zubowa, ita ce al'ada. Ɗaukar ciki da shayarwa aiki ne mai cin abinci ƙwarai. Saboda haka in maigidan nan ya ga abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, sai ya rage aika saƙo. Ƙwai ya daina nuna, mahaifa ta daina shimfiɗa, jini ya tsaya. Sauran ƙarfin da ya rage sai a ba zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, gama su ba su iya jira. Makiyaya sun san wannan tun kaka da kakanni. Saniyar da ta rame da rani ba ta cika ɗaukar ciki ba sai ciyawa ta fito ta murmure.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A shekara ta 1974 wata masaniya ta Jami'ar Harvard a Amurka, mai suna Rose Frisch, ta nuna cewa kitsen jiki yana da hannu a cikin al'ada. A lissafinta, yarinya tana bukatar kitse wajen kashi 17 cikin 100 na nauyinta kafin ta fara, da wajen kashi 22 domin jinin ya riƙa zuwa a kan kari. Daga baya an ga ba kowace mace ce take bin wannan lissafi daidai ba, amma tushen maganar ya tsaya. A 1994 aka gano wani sinadari da ake kira leftin, wanda kitse ke fitarwa cikin jini. Shi ne ɗan aiken da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko rumbu cike yake ko ya yi ƙasa. A 2003 kuma wata masaniya, Anne Loucks, ta Jami'ar Ohio, ta gwada mata masu lafiya, ta rage musu abinci suna kuma motsa jiki. Cikin kwana 5 kacal saƙon ƙwaƙwalwa ya fara rikicewa, tun jikinsu bai nuna rama ba. Watau ba siffar mace kaɗai ake dubawa ba. Abin tambaya shi ne, abin da take ci ya ishi aikin da take yi?

ABIN DA YUNWAR HOLAN TA NUNA

Akwai wani abin da ya faru a ƙasar Turai wanda ya tabbatar da wannan. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayu na 1945, sojojin Jamus suka tare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, inda biranen Amsterdam da Rotterdam suke. Ana auna ƙarfin abinci da kalori, mace babba kuwa tana bukatar wajen 2,000 kowace rana. A lokacin nan rabon da hukuma ke ba mutum ya faɗi ƙasa da 1,000, daga baya ma ya koma tsakanin 400 zuwa 800. Mutum wajen 20,000 suka mutu. Likitoci suka rubuta cewa kusan rabin matan da ke cikin shekarun haihuwa a biranen nan al'adarsu ta ɗauke, haihuwa kuma ta ragu ƙwarai. Ba wanda ya yi musu sammu. Da yaƙi ya ƙare abinci ya shigo, jinin ya dawo, aka ci gaba da haihuwa.

Ki lura da abu biyu a nan, 'yar'uwa. Yunwa ce ta tsayar da jinin, abinci ne kuma ya komo da shi. Jiki bai san bambanci tsakanin yunwar yaƙi da yunwar da yarinya ta ɗora wa kanta don ta zama siririya ba. Duk ɗaya ne a wurinsa.

BA HUTU BA NE

Yanzu ina so in yi magana da 'yar taki, ki ba ta wannan shafi ta karanta da kanta.

'Yata, na san al'ada tana da wahala, musamman a makarantar kwana inda ruwa ke wuya. In ta ɗauke, mutum sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Amma ma'ajiyar ƙwai ba ƙwai kaɗai take bayarwa ba. Tana fitar da wani sinadari mai suna estrojin, wanda ke riƙe da ƙarfin ƙashin mace. Sa'ad da al'ada ta tsaya saboda yunwa, estrojin ya yi ƙasa ke nan, ƙashi kuma yana zagwanyewa a hankali, ba ciwo ba alama. Yawancin ƙarfin ƙashinki ana gina shi ne kafin ki kai shekara 20, ginin kuma yakan kammala kafin 30. Ke yanzu kina tsakiyar gini. Abin da aka rasa a waɗannan shekaru ba lalle ne a mai da shi duka ba. Shi ya sa 'yan mata masu gudu da jininsu ya ɗauke sukan sami tsagewar ƙashi a ƙwauri ko a tafin ƙafa ba tare da sun faɗi ba, da tsufa kuma ƙashin baya da na ƙugu kan karye da sauƙi.

Tun 1992 likitocin wasanni na Amurka suka lura cewa abubuwa uku kan tafi tare a wurin mata 'yan wasa: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. A 2014 hukumar wasannin Olamfik ta duniya ta faɗaɗa gargaɗin, ta ce yunwar nan tana taɓa zuciya, da hanji, da ƙarfin jiki na kare kansa daga cuta, tana kuma rage ƙwazon ɗan wasa, mace ko namiji. To, in abokan gudunki sun ce su ma haka suke, ba shaida ce ta lafiya ba. Ku duka ne kuke bukatar taimako. Gudu ba laifi ba ne, abu mai kyau ne. Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Game da shayin nan, yawancin irinsa suna sa gudawa ne ko yawan fitsari. Ruwa ne ke fita, ba kitse ba, yana kuwa fita da gishirin da zuciya ke bukata domin bugawa daidai. Ki zubar da shi yau.

YAYA ZA A SAN RAMA TA WUCE KIMA?

Akwai lissafi mai sauƙi domin manya. A auna tsawon mutum da mita, a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. In amsar ta gaza 18.5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya rame fiye da kima. Misali, mace mai tsawon mita 1.60, in an ninka ya zama 2.56. In nauyinta kilo 55 ne, amsa 21.5, lafiya lau. In ta koma kilo 45, amsa 17.6, ta faɗi ƙasa. Yara da 'yan matan da ba su gama girma ba suna da nasu ma'auni dabam a asibiti.

Amma kada wannan ya tsorata kowa. Akwai matan da Allah ya yi su sirara, haka uwayensu suke, suna ci suna ƙoshi, jininsu kuma yana zuwa kowane wata. Waɗannan ba abin da ke damunsu, a daina yi musu ba'a. Al'adar ita kanta ma'auni ce. Yawanci takan zo bayan kwana 21 zuwa 35. A je asibiti in ta yi wata 3 ba ta zo ba, ko kuwa in yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba. In kuwa jini ya yi jinkiri, sa'an nan aka ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri da suma, kada a kwana, a tafi nan da nan.

Ƙiba mai yawa ita ma takan rikita al'ada, mai irin wannan kuwa rage nauyi kaɗan a hankali yakan taimake ta. Saboda haka ba ina cewa kowa ya yi ta ƙiba ba ne. Ina kuma yi muku kashedi da ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Waɗansunsu kumbura jiki suke yi, suna kawo hawan jini da ciwon sukari, suna kuma raunana ƙashin da muke so mu ceta.

ABIN DA ZA A YI

Na ɗaya, a je asibiti. Bayan gwajin ciki, likita zai duba jini, ya bincika ko akwai wata cuta da ke ramar da ita, kamar tarin fuka, ko ciwon sukari, ko maƙoƙo, ko cutar ƙanjamau. A gaya masa gaskiya duka, har da shayin da gudun.

Na biyu, abinci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Ba sai an sayi abin gwangwani mai tsada ba. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, ko koko da alala, ko ƙwai. Da rana shinkafa da wake da mai, ko gwate, ko fura da nono. Da dare tuwo da miyar kuka ko ta zogale, a sa manja ko man gyaɗa, kada a ji tsoron mai. Domin ƙashi kuwa, a ba ta nono da kindirmo, da ƙananan kifi waɗanda ake ci har da ƙayarsu, da riɗi, da ganye. A ƙara a hankali, kada a cika mata akushi a tsaya a kanta.

Na uku, ta rage gudu, ko ta dakata gaba ɗaya in likita ya ce haka, har jinin ya dawo. Kada ta sake fita gudu ba ta ci kome ba.

Na huɗu, haƙuri. Sau da yawa sai mace ta koma nauyin da take da shi kafin jinin ya ɗauke, ko ta ɗara kaɗan, sa'an nan ta jira waɗansu watanni. Kada a sayi ƙwayar "kawo jini" a kemis, kada kuma a sha jiƙe-jiƙe. Ƙwaya tana iya sa jini ya zubo, amma rumbu yana nan wofi. Yawancin mata, in sun murmure, ƙwai yakan ci gaba da nuna, su kuma haihu lafiya. Matan aure su sani, ƙwai yana iya fita kafin a ga jinin farko, saboda haka ana iya ɗaukar ciki ko da al'ada ba ta dawo ba tukuna. Ya fi kyau mace ta murmure kafin ta ɗauka, gama ramammiyar uwa ta fi haifan jaririn da bai kai kilo 2.5 ba.

Na biyar, ki sa ido, 'yar'uwa. In kika ga tana tsoron abinci, tana ɓoye shi, tana shiga bayan gida ta yi amai bayan ta ci, ko tana duban madubi tana cewa ta yi ƙiba alhali ƙashi ne kawai, to, akwai wata cuta da ake kira anoreksiya. Ba taurin kai ba ne, ba kuwa aljanu ba. Cuta ce da takan kashe in an ƙyale ta. Duka da faɗa ba su warkar da ita. Tana bukatar likita da mai ba da shawara, tare da ƙaunar iyali.

MAGANAR AZUMI

Waɗansu 'yan matanmu masu himma sukan yi azumin kwana da kwanaki, wani na bin wani. Azumi abu ne mai kyau in an yi shi domin neman fuskar Allah. Amma yarinya ta tambayi zuciyarta, domin Allah nake yi, ko domin rigata ta zauna mini? Wadda al'adarta ta ɗauke saboda rama, da mai ciki, da mai shayarwa, kada su shiga dogon azumi. Fastoci da shugabannin matasa, ku taimake mu da faɗin wannan daga bagadi. Ku tuna annabi Iliya, sa'ad da ya gaji ya kwanta a jeji, abinci da ruwa Allah ya aiko masa har sau biyu kafin ya ci gaba da tafiya.

GA IYAYENMU MAZA

Ba dukan ramammun mata ne suka zaɓi rama ba. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda likitoci suka yi shekaru da yawa suna auna mata manoma, an ga nauyinsu yana raguwa kowace damina, ya dawo bayan kaka. Haka yake a karkararmu. Lokacin da noma ya fi tsanani, lokacin ne hatsi ya fi ƙaranci. Mace ta yi noma, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta raba wa kowa tuwo, ita kuwa ta ci ƙanzo. Maigida, ka taɓa leƙa kwanon matarka? Kafin ka kai buhu kasuwa da kaka, ka lissafta abin da zai kai gidanka watan Agusta. Zumuntar Mata kuma, in kun ga 'yar'uwa tana ƙarewa, kada ku tsaya ga gaisuwa kaɗai, ku je da mudu a hannu.

Ga baban wannan yarinya kuwa, ina roƙonka cikin ladabi. Yau kwana nawa ke nan ba ka yi wa 'yarka magana ba? Damuwa ita ma tana hana jinin dawowa. Ko mene ne gwaji ya nuna, 'yarka ce. In kuwa ya nuna ba ciki, ka kira ta ka ce ta yafe maka. Wannan ba zai rage maka girma ba.

A sura ta 5 ta Bisharar Markus akwai labari biyu a haɗe. Wata mace ta yi shekara 12 tana zubar da jini, Ubangijinmu bai ji ƙyamarta ba, bai kuwa kunyata ta ba, ya warkar da ita a gaban jama'a. Daga nan ya shiga gidan Yayirus ya ta da 'yarsa mai shekara 12. Da yarinyar ta tashi, sai ya umarci iyayenta su ba ta abinci. Ya yi abin da shi kaɗai ke iya yi, ya bar wa iyaye abin da ke hannunsu. 'Yar'uwata, ki yi addu'a, ki kai ta asibiti, ki kuma hura wuta ki dama mata kunu.

Ki sake rubuto mini bayan wata uku, in ji yadda take. Duk mai tambaya game da lafiyar iyali ya aiko ta hannun editan wannan mujalla, ba za a buga sunan kowa ba sai da izininsa. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba ƙarancin jini a wurin 'yan mata da masu ciki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.